Notin da Kure Bai Ɗaure Ba

Salamu alaikum mutanena, masu karanta ni a ofis oga na zaton aiki kuke yi. Nuraddeen ne, Nura Rewaya na Apo, matattarar makanikai a Abuja, mai gyaran wayar mota. Na san kun saba ina zuwa muku da shaƙiyanci, to yau labari na kawo, kuma a rumfata ya faru. Mai cin abinci ya ajiye cokali.

Akwai wani mutum, Kure. Mu Baban Elvis muke ce masa. Mutumin kudancin Kaduna ne, makaniken ƙafar mota: birki, taya, duk abin da ke ƙasa nasa ne. A Tungan Maje yake zaune da matarsa Monica, kullum sai ya ratso garin nan kaf kafin ya iso Apo. Shi ya karɓe ni lokacin da na sauka Abuja da kayana a leda. Ranar Juma'a shi ke korata. "Malam, tashi ka tafi masallaci, kar a rubuta ni na hana ka." Ni kuma ranar Litinin in tambaye shi ko munsharinsa ya bar fasto ya yi wa'azi. Haka muke.

Yanzu bari in gaya muku wani abu na Apo. In an gama gyaran mota, sai an fita gwaji. Kuma gwaji yana da tsawo. Wani gwajinsa ya kai shi wurin mai tuwo, wani ya ɗauko yara daga makaranta, na san wanda ya fita gwaji ya dawo da budurwa a gaba. Kar ku fara mini wa'azi, na san ba daidai ba ne. Haka muka tarar.

Shekarun nan da kuɗin mai ke ambaliya, kowane ɗan ofis ya sayi jif, wani oga ya kawo wa Kure tasa, baƙa, a canja birki. Umar Farouk sunansa, babba ne a wata hukumar gwamnati. Irin mutanen nan da za su miƙo maka makulli idonsu na kan waya. Kure ya gama, ya fita gwaji, sai ga Monica a bakin titi da doyar da ta saro, tana jiran mota a rana. To wa zai wuce matarsa? Ya loda ta da doyar a baya.

Ashe oga yana cikin motar abokinsa a layin gefe. Ya ga jif ɗinsa, ya ga doya a kan kujerar fata. Ya biyo su har gareji.

"Kai ne ka mayar mini da mota a-kori-kura?"

Kure ya yi dariyar nan tasa. "Oga sori, gwaji ne. Birki yana son nauyi, shi ya sa na ɗauko madam."

Mu muka kwashe da dariya. Kure ya sunkuya zai sauke doya. Akwai bututun ƙarfe da yake zura wa sifanar kwance noti don ta yi tsawo, yana yashe a ƙasa. Oga ya ɗauka ya sauke masa a gefen kai, saman kunne.

Ƙwal.

Kure ya zube. Monica ta ƙwalla ihu. Kafin mu gama rugowa oga ya watsar da doyar, ya shiga motarsa ya fice. Can sai Kure ya buɗe ido, ya tashi zaune yana kallonmu.

To ga inda muka yi wautar. Mu a Apo jini muke dubawa. In guduma ta same ka, in mota ta zamo daga jak, tambayar farko ita ce, ya yi jini? Muka shafa kan Kure, muka duba tafin hannunmu, fes. Ƙulu ne kawai ya taso. Wani ya juye masa ruwan sanyi, wani ya murza masa man zafi, Simon mai faci ya sayo lemon malt da madarar gwangwani aka haɗa masa. Ya shanye ya miƙe.

"Kaina ƙarfen Jamus ne," in ji shi. "Ku je ku duba bututun, shi ya ji ciwo."

Muka sake dariya. Har wata motar ya gama ranar.

Washegari bai zo ba. Monica ta ce amai yake yi, kansa kamar zai tsage, ta sayo maganin zazzaɓi a kemis. Daga nan sai barci. Ta tashe shi ya ci abinci, ya yi magana kamar mai maye, ya koma. Da ta sake tashinsa bai tashi ba. Aka kwashe shi sai asibiti, aka ɗauki hoton kai. Likitar, wata 'yar siririya mai gilashi, ta tara mu a baranda ta nuna mana wani farin abu a hoton.

"Jinin da kuke nema a waje, ciki ya zuba. Ya taru a ƙarƙashin ƙashi yana danne ƙwaƙwalwa. Wanda aka buga a kai ya suma, ko ya tashi yana rawa, asibiti ake kawo shi nan take. Me kuka ba shi?"

Simon ya ce, "Malt."

Kallon da ta yi mana ya isa.

Aka buɗe kan, aka kwashe jinin, Kure ya rayu. Amma wanda ya dawo mana, sai a hankali. Ya rame, ya koma sa hula don rufe ɗinkin. Hannun hagu ba ƙarfi. Yana cikin magana sai ya tsaya, bakinsa a buɗe, kalmar ta gudu. Fetur zai zube a gabansa bai ji wari ba. In masu gyaran bodi suka fara buga guduma sai ya toshe kunne kamar zai yi kuka. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa ɗansa murya ba, ya jefi Elvis da kwano don ya tauna ƙashi da ƙara, sannan ya zauna yana tambaya wa ya zubar da miya. Wani lokaci farfaɗiya ta kayar da shi. Ranar bugun kuwa ta goge daga kansa gaba ɗaya. Shi a saninsa, zazzaɓi mai zafi ya yi.

'Yan sanda? Mun je. Oga ya zo da lauya mai kwat, aka ce makanike ne ya ɗauki mota ba izini, aka ce ai kowa ya ga ya tashi ya ci gaba da aiki. Magana ta bi iska. Da oga zai fita ya wuce ta gaban Monica, ko kallonta bai yi ba. A wurin na rantse. Na ce in dai mota yake hawa a garin nan, wata rana sai Apo, kuma sai ya ɗanɗana.

Kure ya rasa rumfarsa lokacin jinya, sai na ba shi gefen tawa a layin baya. Hannunsa bai manta aiki ba, zai kwance birki ya mayar tsaf. Matsalar ƙarshen aikin ce. Zai mayar da taya, ya murza noti da yatsa, in wani ya gaishe shi a daidai lokacin, shi ke nan, kansa ya ce masa ya gama. Sifana ba ta taɓa notin ba. Simon ne ya fara kamawa, Allah ya sa motar ba ta fita ba.

Na je na sami Monica na ce, Maman Elvis, ko dai ya huta a gida?

Ta kama hannun rigata. "Malam Nura, abeg, don Allah. In yana gida bango yake kallo daga safe zuwa yamma. Rannan a hanyar Zuba aka tsinto shi ba takalmi. Amma in ya dawo daga Apo, yana wanka yana waƙa. Aikin nan shi kaɗai ya rage masa. Ku bi bayansa ku ɗaure. Abu ɗaya nake roƙonka, kar ya sani. In ya sani ba zai ƙara taɓa mota ba, na san mijina."

Sai muka tsara. Da Kure ya sauke jak, Simon zai leƙo. "Baban Elvis, shayi na huce wa!" Su tafi wurin mai shayi, ni kuma in zagaya da sifana, taya bayan taya. Duk layin sun sani, ba wanda ya taɓa furtawa. Kure ya dawo yana goge baki, ya buga taya da ƙafa ya ce wa mai mota, "Je ka har Legas." Ya fara ƙiba. Har tsokanar Juma'a ta dawo.

Ni kuwa ban manta rantsuwata ba. Duk 'yan kamashon bakin Apo, masu tare motoci su kai wa makanikai, na kwatanta musu oga. Wanda ya kawo mini shi, na ce, zan gyara masa waya kyauta har ya mutu.

Wata ranar Asabar da hantsi sai ga Manniru, ɗaya daga cikinsu, yana tafe yana yi wa wata farar jif jagora, yana kashe mini ido kamar mai ciwon ido. Motar sabuwa ce, amma birkinta na kuka tun daga nesa. Gilashi ya sauka.

Shi ne. Ya ƙara tumbi.

Bai gane wurin ba, tunda ba nan aka yi abin ba. Bai gane ni ba. Kure ya taso da hularsa, oga ya dube shi sama-sama ya koma kan waya. Kure ya cire tsumma ya karkaɗe benci.

"Sannu da zuwa oga, zauna nan, Allah ya ƙara girma."

Jama'a, wannan karkaɗe bencin ya fi komai ƙona ni.

Na matsa da fara'a. "Ranka ya daɗe, tafiya za a yi ne?"

"Bwari. Ku yi sauri."

"Da iyali?"

"Ni kaɗai. Kai ɗan jarida ne?"

Ni kaɗai. Kun san hanyar Bwari, hawa da gangara da kwana. Na ce a raina, yau dama ta zo.

Kure ya shiga aiki. Ya canja birkin gaba, ya mayar da tayar dama, ya ɗaure ta da sifana, ina kallo. Ya zagayo ta hagu, ɓangaren direba, ya mayar, ya fara murza noti da yatsa. Ba zan ɓoye muku ba, ni na yi magana.

"Baban Elvis, ya Maman Elvis da kasuwa?"

Ya ɗago. "Lafiya lau, ta ce a gaishe ka. Doya ta yi tsada fa." Ya miƙe, ya sauke jak, ya nufi wurin wanke hannu.

Simon ya leƙo zai yi kiran shayi, na girgiza masa kai. Ya dubi oga, ya dube ni, ya gane. Ya matso kusa da kunnena.

"Nura, kar ka yi."

"Me na yi? Ka ga na taɓa wani abu? Shi ya fasa kan, aikin hannunsa ne zai hau."

"In tayar ta fita Kure za a kama."

"Matsa, Simon."

Da na yi shiru a nan, da oga ya tafi. Amma kun san ni da baki. Na ga ya miƙe yana karkaɗe babbar riga, sai na ji ba zan iya bari ya tafi bai sani ba. Meye amfanin ya faɗa rami yana zaton tsautsayi ne? Na ɗauki makullin na miƙa masa, na rage murya.

"Ranka ya daɗe, ka tuna wata baƙar jif da doya a baya?"

Hannunsa ya tsaya a iska.

"Kalli mai wanke hannun can. Kalli ƙasan hularsa, wajen kunne. Aikinka ne. Tun ranar yake manta abu. Wani lokaci ya ɗaure taya, wani lokaci ya manta. Kullum ni nake bi in duba. Yau ban duba ba. Ga makullinka, Allah ya kiyaye hanya. Ka gaida Bwari."

Wallahi na so a ce kuna wurin. Fuskar nan mai sheƙi ta koma kamar tsohon tsumma. Gumi ya karyo masa. Ya dubi tayoyin ɗaya bayan ɗaya kamar za su yi masa magana.

"To... to ka duba mana."

"Ni ɗan waya ne, oga. Ban san taya ba."

Ya juya wurin makaniken da ke maƙwabtaka da mu. Wannan ya ce hannunsa na ciwo. Na gaba ya ce sifanarsa ta ɓace tun bara. Manniru ya riga ya baza labari, layin ya fara cika, kowa ya harɗe hannu. Oga ya ce a kira masa motar janwe, wani daga baya ya ce masu janwe sun tafi biki. Aka yi dariya. Ni daɗi kamar in yi rawa. Na ce yau sai ya durƙusa a cikin baƙin mai da farar shaddarsa.

Sai ya daka tsawa, irin ta ofis.

"Ba zan hau motar da mahaukaci ya gyara ba!"

Ashe Kure na tsaye a bayansa, hannunsa na ɗigar ruwa.

"Oga, wane ne mahaukaci?"

Ya tako gaban oga.

"Aikina kake shakka? Ni Kure?" Jijiyar wuyansa ta tashi, fushin nan na bayan ciwo ya zo. Ya fizge makullin daga hannun oga. "Mu je gwaji. Shiga. Ni zan tuƙa, in taka maka birki a babban titi ka gani da idonka."

Kafin in ce wani abu ya shige, ya tayar da mota. Mutumin da likita ta hana tuƙi. A kan tayar da na san halinta.

Na yi tsalle na tsaya a gaban motar. "Baban Elvis, shayi! Simon, ba ka ce shayi na hucewa ba?"

"Matsa, Malam."

"Sauko mana, akwai wata waya da ban..."

"Nura, ka matsa ko in bi ta kanka!"

Ya sa giya. Motar ta motsa ta taɓa gwiwata. Dabara ta ƙare mini, ni da ba na rasa magana. Na zagaya ɓangarensa, na durƙusa a daidai ƙofarsa, na sa yatsa biyu a kan noti na murza. Ya juyo kamar murfin kwalba. Na cire shi na ɗaga masa.

Kure ya kashe mota. Ya sauko a hankali, ya tsuguna kusa da ni, ya taɓa na biyu. Shi ma ya juya. Na uku ma haka. Ya daɗe yana kallon yatsunsa.

"Na ɗaure fa," ya ce. "Na tuna na ɗaure."

Ya ɗago ya dubi Simon. Simon ya sunkuyar da kai. Ya dubi sauran layin, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

"Shayin nan," ya ce. "Kullum shayi. Ashe shi ne?"

Na kawar da kai.

Ya ɗauko sifana ya ɗaure notin da kansa, ɗaya bayan ɗaya, ya zagaya duk tayoyin ya sake bi. Ya goge sifanar ya ajiye a kan bencina. Sannan ya juya wurin mutumin da ya fasa masa kai, ya cire hula, ɗinkin nan ya fito fili, ya rusuna.

"Oga ka yi haƙuri. Da na kashe ka. Sori, oga."

Shi yake ba shi haƙuri! Oga kuwa kuɗi ya tuna. Ya zura hannu a aljihu, Simon ya ce, "In ka fito da abin da ke aljihun nan sai ka haɗiye shi." Ya zare hannun.

Na ce wa oga, "Za ka kai shi gida. Yanzu. Kai za ka tuƙa."

Ya dubi jama'ar da suka tare hanya, ya shiga. Kure a gaba, ni a baya, tun daga Apo har Tungan Maje. Ina kallon ƙeyar oga duk tsawon hanya, kar ku tambaye ni abin da nake rayawa.

Monica na tsakar gida tana shanya. Ta ga mijinta da rana tsaka ba jakar kayan aiki. Ta ga wanda ya sauke shi, ta gane shi nan take. Kure ya wuce ta, ya shiga ɗaki. Ta ƙofa ina hango shi ya zauna a bakin gado, ya fuskanci bango.

Oga ya fara, "Madam, ni a gaskiya ban san abin ya kai..."

"Riƙe," ta ce. "Kai Allah na nan." Ta juyo kaina. "Ya sani?"

Na ce, "Maman Elvis, bari in yi miki bayani, mutumin nan ne ya..."

"Ya sani?"

"Ya sani."

Ta ɗauki bokitinta ta shiga, ta rufe ƙofa.

Oga ya ce in zo ya rage mini hanya. Na ce masa gara in tafi Apo da rarrafe. Ya ja farar motarsa ya tafi, da birki sabo, da taya ɗaurarriya, lafiya lau.

Kure bai sake zuwa Apo ba. Na je gidan, Monica ta ce barci yake. Na koma, ta ce barci yake. Simon ya daina yi mini magana sai gaisuwa. Wasu a layin suna cewa ni na jawo, wai da na ɗaure kawai na bar mutumin da Allah. Ni kuma na ce, ni na ɗauki bututu? Ni na zo da lauya? Yanzu na san hukumar da yake aiki, na san inda yake ajiye mota, kuma duk motar da ke garin nan waya ce a cikinta. Ban gama da shi ba.

To ku gaya mini, mutanena, kuma kar wanda ya zo mini da "Allah ya kyauta" ya gudu. Mutumin ya shigo rumfarka da ƙafarsa, makullinsa na hannunka, abokinka na karkaɗe masa benci. Da kai ne, ko ke, me za ku yi?